Waya Za Ta Iya Duba Mara Lafiya Daga Nesa?

 

Agogunan hannu da ake cewa suna auna jini sun fara shigowa kasuwanninmu, 'ya'yanmu da ke birni kuma suna aiko wa iyayensu da su. Ana ta jin labari cewa yanzu likita yana iya zama a Kano ya duba mara lafiya da ke ƙauye ta waya. Wasu sun ce zancen banza ne. Wasu kuwa sun ce to an huta da zuwa asibiti ke nan. Dukan maganganun biyu suna iya jawo asarar rai, shi ya sa muka ga ya kamata mu bayyana yadda abin yake.

Dalilin da ya sa zancen ya shafe mu a fili yake. Bisa ga ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, mata kimanin 82,000 ne suka mutu a Nijeriya a shekarar 2020 saboda ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dukan irin wannan mutuwa a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce manya fiye da biliyan ɗaya suna da hawan jini, kusan rabinsu ba su sani ba. Da yawa daga cikin waɗanda muke binnewa, ciwonsu yana da magani. Jinkiri ne ya kashe su: ba a gane ciwon da wuri ba, ko an gane amma babu mota, ko an kai asibiti amma ba a shirya karɓarsu ba. Duk abin da zai rage wannan jinkiri ya isa mu zauna mu fahimce shi.

Duwatsun murhu uku

Duba lafiya daga nesa kamar murhu yake, duwatsu uku ne suke riƙe da tukunyar.

Dutse na ɗaya shi ne awo. Ana auna wani abu a jikin mutum yana gida: zafin jiki, bugun zuciya, hawan jini, yawan numfashi, ko kaurin dantsen yaro.

Dutse na biyu shi ne saƙo. Abin da aka auna sai ya tashi daga gida ya isa wurin wanda ya san ma'anarsa. Nan ne aikin waya yake.

Dutse na uku shi ne amsa. Malamin asibiti ko ungozoma su ga saƙon, su ce a yi kaza, a kuma sami hanyar yin abin da suka ce.

Abin da yake haɗa ukun nan shi ake kira manhaja. Manhaja jerin umarni ce da mutane suka rubuta wa waya ko kwamfuta, kamar yadda aka rubuta WhatsApp. Ita ce take karɓar lambar da aka auna, ta gwada ta da ƙa'idar da aka koya mata, ta ce wannan lafiya lau ne, wannan kuwa a kira ungozoma yanzu. Ba ta da hankalin kanta. Abin da aka zuba mata shi take bi.

In dutse ɗaya ya kauce, tukunya ta kife. Masu talla sun fi yin magana a kan na ɗaya da na biyu, gama su ne ake sayarwa. Na uku shi ne mai wuya, shi ne kuma yake ceton rai.

An riga an gwada a ƙasarmu

Wayar salula ta shigo Nijeriya a watan Agusta na 2001. Cikin shekara goma sha kaɗan ta zama kayan aikin ma'aikatan lafiya, kuma wani babban sashe na wannan aiki a Kano aka yi shi. Ƙungiyar eHealth Africa, wadda Evelyn Castle da Adam Thompson suka kafa a 2009, a Kano ta kafa babban ofishinta na Nijeriya.

Mu fara da shan inna. Daga 2012 aka fara ba masu allurar rigakafi a jihohin arewa, har da Jigawa, wayoyi masu nuna inda mutum yake ta hanyar tauraron ɗan'adam. Wayar tana cikin jaka, tana rubuta sawunsu bayan kowane 'yan mintoci. Da yamma sai a ɗora sawun a kan taswira, a ga rugage da ƙananan ƙauyukan da aka tsallake, washegari a koma. Yaro na ƙarshe da ƙwayar shan inna ta daji ta kama a Kano, a 2014 ne. Na ƙarshe a Nijeriya kuwa a Borno ne a 2016. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka ba da sanarwa cewa nahiyar Afirka ta rabu da wannan ƙwayar ta daji.

A 2016 aka ƙaro wata manhaja mai suna AVADAR. Aka ba mutanen gari wayoyi, irin su wanzamai, masu ɗori, masu maganin gargajiya da ungozomomin gida. Kowane mako wayar tana nuna musu ɗan gajeren bidiyo na yaron da ƙafarsa ta saki, ta tambaye su da harshensu ko sun ga irinsa. Su danna i ko a'a. Wanda ya danna i, saƙo zai tafi wurin jami'in sa ido na ƙaramar hukuma, shi kuma ya zo ya duba yaron. Ku lura, ba a nemi mai digiri ba. An nemi wanda ake kai wa yaro tun farko in ya kasa tsayawa.

Misalin da ya fi kama da duba mara lafiya daga nesa shi ne na cutar Ebola. Ranar 20 ga Yuli 2014 wani matafiyi daga Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a Legas da cutar. Dakta Ameyo Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, ita ma daga baya cutar ta yi ajalinta. Aka bi sawun mutum 894 da suka yi cuɗanya da masu cutar a Legas da Fatakwal. Kowannensu sai an lura da zafin jikinsa har kwana 21. Da farko a takarda ake rubutawa, sai labari ya yi sa'o'i kafin ya isa cibiya. Da aka ba masu bin sawu manhaja a waya, suna shigar da zafin jikin mutum a ƙofar gidansa, cibiya tana gani nan take, in da zazzaɓi a turo mota. Mutum 20 suka kamu, 8 suka mutu, ranar 20 ga Oktoba 2014 aka ce Nijeriya ta fita. Amma a riƙe wannan: an yi ziyarar ido da ido kimanin 18,500. Wayar ta hanzarta labari, ƙafafun mutane ne suka je gidajen.

Bayan Ebola, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, tare da wata cibiyar bincike ta Jamus mai suna Helmholtz, suka gina manhajar SORMAS domin kai rahoton annoba. An yi aiki da ita lokacin ƙyandar biri a 2017, da lokacin korona a 2020.

Na'urorin da ake ɗaurawa a jiki

In kun juya bayan irin agogon nan, za ku ga koren haske yana ƙyaftawa. Jini yana shanye koren haske. Duk lokacin da zuciya ta buga, jini yana ƙaruwa a ƙarƙashin fata, hasken da yake dawowa sai ya ragu. Agogon yana ƙirga wannan raguwa da ƙaruwa, ya ba da yawan bugun zuciya a minti ɗaya. Sai ya miƙa wa waya ta Bluetooth.

Akwai kuma wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a yatsa domin auna iskar oksijin a cikin jini. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, ya gano dabararta a shekarun 1970. Tana haska yatsa da jan haske da wani haske da ido ba ya gani. Jinin da ya ƙoshi da iska da wanda bai ƙoshi ba, ba daidai suke shanye hasken ba. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa 100. Yaro mai ciwon huhu in ya nuna ƙasa da 90, yana bukatar asibitin da yake da oksijin.

A Indiya an ƙera wani ɗan awarwaro mai suna BEMPU domin jarirai, musamman bakwaini da masu ƙaramin nauyi. In jikin jariri yana da ɗumi, yana nuna shuɗin haske. In ya yi sanyi, sai hasken ya canja launi, ya yi ƙara, uwa ta farka ta rungume shi fata da fata a ƙirjinta. Duk wanda ya san sanyin hunturu a ƙasar nan ya san amfanin irin wannan. Amsar kuma tana nan cikin ɗaki, gama uwar ce likitan farko.

Sai dai waɗannan na'urori suna da iyaka, kuma dole mu san iyakar.

Na farko, launin fata. A watan Disamba 2020 masu bincike a Jami'ar Mishigan ta Amurka suka nuna cewa na'urar yatsa ta fi ruɗin baƙaƙen fata. Mutum yana cikin ƙarancin iska amma ta nuna lamba mai kyau, kuma hakan ya faru ga baƙaƙe kusan sau uku fiye da farare. Lalle a yatsa, sanyin hannu da motsi su ma suna iya ɓata awon. Saboda haka in yaro yana numfashi da kyar, ƙirjinsa yana faɗawa, kada lamba mai kyau ta hana ku tafiya asibiti.

Na biyu, ciwon sukari. A watan Fabrairu 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kada su yi amfani da agogo ko zobe da aka ce yana auna sukari ba tare da an huda fata ba, gama ba ta amince da ko ɗaya ba. Mai ciwon sukari da ya ƙara ko ya rage magani saboda lambar irin wannan agogo yana wasa da ransa.

Na uku, hawan jini. Awon da ma'aikatan lafiya suke dogara da shi shi ne na na'urar da ake naɗawa a dantse ta cika da iska ta matse hannu. Lambar hawan jini da agogon kasuwa mai araha yake nunawa, cinta ce kawai.

Na huɗu, ko agogo mai tsada ma yana kuskure. A wani bincike da Jami'ar Stanford ta yi da agogon Apple, wanda aka buga a 2019, mutum fiye da 400,000 suka shiga. Kimanin ɗaya cikin ɗari biyu agogo ya yi wa gargaɗi cewa bugun zuciyarsu ba daidai ba ne. Cikin waɗanda aka sake gwadawa daga baya da na'urar asibiti, kimanin kashi ɗaya cikin uku aka tabbatar da ciwon. Gargaɗin agogo dalilin zuwa asibiti ne, hukunci kuwa na likita ne.

Yadda ake gina manhajar da za ta yi aiki a ƙauye

Mutane sukan zaci aikin na mai zama gaban kwamfuta ne kaɗai. Rubuta umarnin ƙaramin sashe ne. Ga abubuwan da mai ginawa zai warware tukuna.

*Wace matsala ake so a magance?* Sai an zauna da mata, da ungozoma, da malamin asibiti, da direbobi, an ji inda jinkirin yake. Manhajar da ta ce za ta duba kowace cuta, ba ta duba ko ɗaya da kyau.

*Wace ƙa'ida za ta bi?* Lambobin da za su sa ta yi ƙara ba mai rubutawa ne yake ƙirƙiro su ba. Daga ƙa'idodin Hukumar Lafiya ta Duniya da Ma'aikatar Lafiya ake ɗauko su, likitoci kuma su duba. Yawanci akan mayar da su launi uku: kore lafiya, rawaya a je asibiti, ja a tafi yanzu.

*In babu sabis fa?* Kun san wuraren da sai an hau tudu ko an fita bakin hanya kafin waya ta kama. Dole manhajar ta iya yanke shawara a cikin wayar ba tare da intanet ba, ta ajiye bayani har a sami sabis. Saƙon gaggawa kuma gara ya tafi ta tes, domin tes yana wucewa inda data ba ta wucewa, yana kuma shiga ƙaramar waya.

*Da wane harshe?* Da Hausa, da murya da hoto, domin wadda ba ta yi boko ba ta iya amfani da ita. A rugage kuma a sa Fulatanci.

*Wayar wa?* A gidaje da yawa waya ɗaya ce, tana aljihun maigida, shi kuwa yana gona ko ya tafi cin rani. Manhajar da ta ɗauka kowane mutum yana da tasa wayar, ba domin mu aka yi ta ba. Ya fi dacewa waya ɗaya a hannun ma'aikacin sa kai ta riƙe bayanin mutane da yawa ba tare da ta gauraya su ba. Ta kuma yi aiki a waya mai araha, kada ta cinye caji, gama kuɗin caji da na kati daga aljihun wani suke fita.

*Sau nawa za ta yi ƙara?* Karen da yake haushin kowace akuya, ran da ɓarawo ya zo ba mai fitowa. In manhaja tana tura wa ungozoma saƙon gaggawa hamsin a rana, za ta daina dubawa. In kuma aka sa ta yi shiru da yawa, za ta bar mai haɗari ta wuce. Daidaita wannan sai da gwaji a wurin da za a yi aikin.

*In ba a amsa ba fa?* Manhaja mai kyau tana jira 'yan mintoci, in shiru ta tura wa mutum na biyu, sa'an nan na uku.

*Wa zai riƙe ta bayan shekara uku?* Wayoyi suna fashewa, batir yana mutuwa, waɗanda aka horar suna ƙaura. Shirye-shirye da yawa sun mutu ran da kuɗin masu tallafi ya ƙare. Shi ya sa masu hikima suke ginawa a kan manhajojin da kowa yake da izinin ɗauka ya gyara kyauta, kamar ODK da aka fara a 2008, da DHIS2 ta Jami'ar Oslo a ƙasar Norwe, wadda Nijeriya take tattara rahoton asibitocinta da ita.

*Wa zai ga bayanin?* Ciwon mutum sirrinsa ne. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni 2023 ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman. Kuna da iko ku tambayi inda za a kai bayaninku, kuna da iko ku ƙi.

Bari mu haɗa su da misali. A ce mace mai cikin wata takwas tana kukan ciwon kai mai tsanani, idonta yana ganin dishi-dishi. Mai aikin sa kai ta auna ta, ta sami 165 bisa 112. Ta shigar a waya. Wayar ta nuna ja, ta ce da Hausa wannan alamar jijjiga ce, a tafi asibiti yanzu. Tes ya tafi wurin ungozoma domin ta shirya allurar da take hana jijjiga, wani tes ya tafi wurin direba. Duka wannan minti biyar ne. To, in direban ba shi da mai, ko maigida ba ya nan kuma ba mai ba da izini, ko asibitin ba allurar, me wayar ta ƙara?

Abin da bincike ya koya mana

An gwada irin wannan tsari sosai. Masu bincike daga Jami'ar British Columbia ta Kanada da abokan aikinsu sun shirya wani aiki mai suna CLIP. Ma'aikatan lafiya na unguwa suna ziyartar masu ciki da na'urar hawan jini da manhaja a waya, wadda take gaya musu wadda za a tura asibiti da gaggawa. An yi gwajin farko har da Jihar Ogun a nan Nijeriya. Babban gwajin kuwa an yi shi a Mozambik, Pakistan da Indiya, da mata kusan 70,000. Da aka buga sakamakon a 2020, sai aka ga in an haɗa duka, mutuwa da munanan matsaloli ba su ragu a yankunan da aka kai manhajar fiye da sauran ba. Amma an lura matan da aka ziyarta sau 8 ko fiye sun fi tsira daga matsala. Ma'aikatan ba su isa su kai ga kowa sau da yawa haka ba. Wannan ya yi daidai da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016, cewa mai ciki ta sadu da ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa.

Ga kuma wani darasi daga maƙwabtanmu. A Mirya ta ƙasar Damagaram, tsallaken iyaka a Nijar, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa dubban iyaye mata a 2013 da 2014 yadda za su auna dantsen 'ya'yansu da ɗan tef mai launi uku domin gane tamowa. Aka tarar uwaye suna kawo yaran da wuri, ba a kuma kwantar da su a asibiti da yawa kamar inda aka bar aikin ga ma'aikata kaɗai ba. Tef ɗin ba ya cin batir, ba ya neman sabis. Ya yi aiki domin an sa shi a hannun wadda take tare da yaron dare da rana, kuma akwai wurin da za ta kai shi a karɓe shi.

A Jigawa ma mun san muhimmancin dutse na uku. A zamanin mulkin Sule Lamido, daga 2007 zuwa 2015, shirin Haihuwa Lafiya ya yi suna wajen samar da motocin kai mata masu naƙuda asibiti daga ƙauyuka. Mota a ƙofar gida da tsakar dare ita ce amsar da saƙo yake nema.

Abin da ikilisiya za ta iya yi tun yanzu

Ba sai mun jira wata ƙungiya ta kawo manhaja ba. Muna da abin da shirye-shirye da yawa suke nema su rasa: mutanen da suke taruwa kowane mako, sun san juna, sun san wadda take da ciki da tsohon da bai fito ba.

1. Dattawa su je su gana da malamin asibitin da ya fi kusa, su tambaye shi ko zai yarda a riƙa kiransa, da kuma wane lokaci. Da shi za a fara, kafin a sayi komai.
2. A haɗa kuɗi a sayi na'urar hawan jini ta dantse, da ma'aunin zafin jiki. A kai su asibiti a gwada su da nasu. A roƙi tef ɗin auna dantsen yara.
3. A zaɓi mata biyu daga zumuntar mata da maza biyu, masu riƙon amana, malamin asibiti ya koya musu awo.
4. A keɓe lokaci bayan sujada domin awo, a wurin da ba a jin maganar wani. A rubuta suna, kwanan wata da lamba a littafi guda, a kulle shi. A buɗe wa maƙwabta duka, gama hawan jini bai san Kirista ko Musulmi ba.
5. A rubuta lambobin ungozoma, malamin asibiti, da direbobi ko 'yan acaɓa uku, a manna a bangon majami'a. A tabbata akwai waya ɗaya da kullum take da caji da kati.
6. A kafa asusun gaggawa, kamar adashi, domin kuɗin mai da na magani. Mai ciki kuma ta sami izinin maigida tun da wuri, cewa in abu ya taso ba ya nan, a tafi da ita.
7. Masu awo kada su ba da magani, kada kuma su ce wani ya daina shan nasa. Aikinsu awo, kira da rakiya.
8. In wata ƙungiya ta zo da wayoyi ko agoguna, a karɓe ta da mutunci, a kuma tambaye ta: wa zai amsa saƙo da dare, wa zai biya kati, ina bayaninmu zai tafi, me zai faru in shirin ya ƙare?

Matasanmu kuma su sani wannan sana'a ce da ake koyo kusa da gida. Akwai cibiyar koyar da ilimin kwamfuta ta Informatics da aka buɗe a Kazaure a 2001, da Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Wanda ya tashi a ƙauye ya san inda sabis yake yankewa da hanyar da ruwa yake cinyewa da damina. Irinsa ne zai gina manhajar da za ta dace da mu.

Lambobin da za a riƙe

- Hawan jini: 140 bisa 90 ko fiye, a ga ma'aikacin lafiya. Ga mai ciki, a je a ranar. In ya kai 160 bisa 110, gaggawa ce.
- Numfashin yaro a minti ɗaya yana kwance shiru: ƙasa da wata 2, 60 ko fiye, wata 2 zuwa 11, 50 ko fiye, shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. Wannan saurin numfashi ne, a kai shi asibiti.
- Zafin jikin jariri: daga 36.5 zuwa 37.5 shi ne daidai.
- Dantsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5: ƙasa da santimita 11.5, wato ja, tamowa ce mai tsanani.

Akwai alamun da ba sa jiran awo ko kaɗan: zubar jini ga mai ciki ko mai jego, jijjiga, suma, yaron da ya ƙi nono ko yake amayar da komai, da karkacewar baki ko mutuwar ɓarin jiki. In kun ga ɗaya daga cikinsu, ku kama hanya, ku yi kiran a kan hanya.

Tambayoyi domin tattaunawa

- Cikin duwatsu ukun nan, awo, saƙo da amsa, wanne ne ya fi rauni a ƙauyenmu?
- In mace ta fara jijjiga da ƙarfe biyun dare a yau, wa za a kira, da wace waya, wa zai biya kuɗin mai?
- Su wa muka amince da su su riƙe sirrin lafiyarmu?
- Wane mataki ɗaya za mu iya ɗauka kafin ƙarshen watan nan?

Ku tattauna waɗannan a zumuntar mata, da taron maza, da na matasa, ku aiko mana da abin da kuka shirya domin sauran ƙauyuka su koya daga gare ku. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.